Douwe Ya Duba Hagu, Ya Duba Dama

"Mem, wai makanta lokaci ɗaya take zuwa, ko kaɗan-kaɗan take cin mutum?"

Minke ce ta yi tambayar, bakinta cike da dankali, tana kaɗa ƙafafu a ƙarƙashin tebur. Shekararta biyar, kuma magana ba ta kwana a cikinta. Uwarta Rinske tana tsaye da tukunya, tana ƙara wa surukinta Pake Sybren kirɓaɓɓen dankali da kabeji. Ta tambayi yarinyar wa ya koya mata irin wannan zance a kan abinci.

Minke ta ce ba kowa. Kawai dai yayanta Douwe yana ba ta baƙar alewa in sun taso daga makaranta, ita kuma ta riƙa gaya masa wanda ke tahowa a hanya. Jiya ma, in ji ta, matar maƙwabcinsu ya ɗaga wa hannu yana kiranta Mem, wato Mama.

Douwe ya kai mata shuri ta ƙarƙashin tebur, ya samu ƙafar kakansa.

"To, ga shaida ta biyu," in ji Pake, yana shafa ƙwauri. "Maigida, ƙafar ƙanwarka ma ba ka gani? Ko kuwa uwar ce ka gaji da ita, ka hango wadda ta fi ta iya miya?"

"Kai fa, Pake? Ran Lahadi ka tada gida da neman tabarau, yana zaune a kan hancinka."

Aka yi dariya, har da Rinske. Amma da ta juya za ta ajiye tukunyar, sai ta dakata. Ta dubi ɗan nata da kyau, irin duban da ba ta samu sararin yi ba da daɗewa. Shekara goma sha ɗaya, fari fat kamar wanda bai taɓa shiga rana ba, kafaɗunsa sun ranƙwafa gaba, ga wani ɗan layi a tsakanin girarsa da ba ta san lokacin da ya fito ba.

Gidansu yana ƙarshen ƙauye ne, kuma kamar kowane gida a wannan yanki na Friesland, a ƙasar Holland, ruwa ya kewaye shi: magudana a baya, wata a gefen titi, babban rafi a bayan gonar maƙwabci. Mijinta Harmen yana jirgin ruwan da ke gyaran injinan iska masu samar da lantarki a teku, sai ya yi makonni bai leƙo ba. Ita kuma tana aiki a gidan kula da tsofaffi, yau safe gobe yamma. Ta haifi Douwe tana da ƙuruciya, kuma tun yana rarrafe babu abin da take tsoro kamar ruwan nan. Ta kai shi ya koyi iyo kamar kowa, amma hankalinta bai kwanta ba. Ranar da aka ba shi kwamfutar hannu, ya zauna a kujera bai motsa ba har aka kira shi cin abinci, sai ta ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjinta. Daga wurin aiki tana iya duba waya ta ga inda yake. Kullum yana gida. 'Ya'yan wasu suna dawowa da taɓo har gwiwa, da targaɗe, da tari; nata yana nan tsaf, ba ƙwarzane ko ɗaya. Makaranta kuwa a bayan coci take, tafiyar ƙafa ce kaɗan, don haka kekensa ya fi zama a rumfa.

Bayan Pake ya hau kekensa ya tafi, ta kira Douwe bakin taga, ta nuna masa agogon hasumiyar coci, ta ce ya gaya mata ƙarfe nawa. Ya faɗa daidai. Sai da ya koma kujera ta lura cewa wayarsa tana hannunsa tun ɗazu, fuskarta a kunne. Ta sake kiransa, ya ce ya gaji, kansa na ciwo, kuma Minke maƙaryaciya ce, wasa suke yi. Ta buga wa asibitin ido washegari da safe, aka ba ta rana a mako mai zuwa.

Sai dai jarrabawar keke jibi ce.

Duk ɗan aji bakwai yana yin ta. Yara su sa riga mai ruwan lemo da lamba a baya, a sake su ɗaya bayan ɗaya, su bi hanyar da aka tsara ta cikin ƙauye da wajensa, cikin motoci na gaske. Iyaye su zauna a mahaɗa-mahaɗa a kan kujerun naɗewa, suna lura da wanda ya waiwaya, wanda ya miƙa hannu kafin ya karya kwana, wanda ya tsaya inda ake tsayawa. Wanda ya ci, an shaida ke nan zai iya kai kansa babbar makaranta a gari, shi kaɗai, ko ana ruwa ko ana iska. Rinske ta ba da sunanta tun farkon shekara, an kuma ba ta mahaɗar da ke wajen ƙauye, inda hanyar keke ta ratsa titin da ya nufi kamfanin madara.

Ta ce wa Douwe tana ganin a bari sai an duba idonsa. Nan take fuskarsa ta canza. Ya ce in bai yi ba, shi kaɗai ne a ajin, kuma dama suna kiransa ɗan ɗaki. Ya ce ai an sa hoton hanyar a waya, wani ya bi ta da keke yana ɗauka, shi kuma ya kalla har ya haddace. Ya rufe ido ya karanto mata: kwanar gidan burodi, gada, allo mai ja a hannun dama, sai farin zane mai kama da haƙora a kan kwalta, inda ake tsayawa a ba da hanya. Bai yi kuskure ko ɗaya ba.

Ta je ta samu malamarsu, Malama Tineke, a bakin ƙofar makaranta. Malamar ta ce ita dai ba ta ga komai ba, yaron a gaba yake zama, kuma a jarrabawar dokokin hanya da aka yi a kwamfuta shi ya fi kowa. Pake kuwa, da ta kira shi, cewa ya yi tun da aka kafa ƙauyen nan ba a taɓa jin ɗan da ya kasa tuƙa keke ba, ta daina naɗe yaro a auduga.

Ta lissafa abin a ranta kamar yadda take lissafa komai. Yara da yawa sun bi hanyar nan lafiya. Akwai manya a kowace kwana. Kuma mahaɗar da ta fi haɗari, ita ce a wurin. Ta duba birkin keken da kanta, ta ɗaga sirdi don Douwe ya ƙara tsawo tun rabon da ya hau, ta ba tayoyin iska. Sai ta ce masa to.

Ranar ta zo da iska daga teku, sama ta yi toka-toka, ƙasa da sama kusan launi ɗaya. Kafin a watse, Malama Tineke ta tara iyayen ta maimaita musu dokar da kowa ya sani: ba gaisuwa, ba ɗaga hannu, ba ko gyaɗa kai. In ka taimaki yaro, ka kayar da shi. Ɗanka ma ka yi kamar ba ka san shi ba. Wani uba ya ce wannan ai mai sauƙi ne, nasa ma haka yake yi masa a gida.

Rinske ta kafa kujerarta a kan ciyawa, nesa kaɗan da mahaɗar, ta ja zik ɗin rigar ruwanta har wuya. Daga nan tana ganin hanyar keken ta miƙe tsakanin magudanai biyu, tana kuma ganin babban titin har inda ya ɓace. Ba bishiya, ba tudu. A nan mutum yana hango mota tun tana kamar ƙwaro.

Yara suka fara zuwa. Wata yarinya mai kitso biyu ta miƙa hannu kamar soja. Wani ya wuce yana fito, ya tuna jarrabawa ce, ya haɗiye fiton. Suna kwantawa a kan kan keke suna yanka iskar ba tare da sun san suna yi ba. Tana yi musu alama a takarda, idonta yana komawa hanya.

Wanda aka saka kafin Douwe ya wuce. Sai ga wadda aka saka bayansa. Sai ga wani kuma.

Ta miƙe, ta sake zama. Ta ciro waya don ta ga inda yake, ta tuna an karɓe wayoyin yaran. Tun da ta haife shi ba ta taɓa rasa sanin inda yake ba, sai yau. Ta fara kallon ruwan magudanar, baƙi ƙirin, iska tana yi masa tsagi.

Can sai ga ɗigon ruwan lemo ya ɓullo. Tun daga nesa ta san shi ne, don yadda keken ke tangaɗi. Iska ta tura shi hagu, ya dawo, ta sake tura shi. Da ya matso ta ga fuskarsa ta yi jawur, bakinsa a buɗe, yana taka feda kamar mai hawan dutse a kan wannan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Tafiyar da sa'o'insa suka yi suna fito, shi ta kusa ƙarar da numfashinsa. Ya wuce ta gabanta bai ko karkato ba. Ta ce a ranta yana bin doka ne. Sai wani tunani ya biyo baya: anya ya san ita ce?

A lokacin ne ta hango tankar madara tana tahowa daga hagu. Doguwa ce, jikinta na ƙarfe mai launin toka, tana tafiyarta ta kullum, don hanya tata ce.

Douwe ya yi komai daidai. Ya waiwaya. Ya rage gudu. Ya tsaya cak a bakin farin zanen, ya sa ƙafa ɗaya a ƙasa. Rinske ta saki numfashi. Ya juya kai hagu, ya tsaya da kallonsa a can, a kan tankar sosai, idanunsa a tsuke. Ya juya dama. Ya sake juyawa hagu, kamar yadda aka koya musu.

Sai ya ɗora ƙafa a feda ya shiga titi.

Ba ta san lokacin da kujerar ta kife ba. Ta dai ji wata murya tana kiran sunansa, murya mai kaushi da ba ta taɓa sanin tana da ita ba, ƙafafunta kuma suna gudu a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa. Douwe ya firgita ya murɗe kan keken. Tankar ta saki ƙaho, birki ya yi ƙara, tayoyin suka ja a kan kwalta, madarar da ke ciki ta bugi ƙarfe kamar an rufe babbar ƙofa. Keken ya faɗi gefe, yaron ya gangara cikin ciyawa har ƙafarsa ɗaya ta shiga ruwa. Tankar ta wuce ta kan inda yake tsaye ɗazu, ta je gaba kafin ta iya tsayawa.

Ta cafko shi ta rigar, ta jawo shi sama. Tana laluba kansa, wuyansa, haƙarƙarinsa, da hannun da ya saba duba tsofaffin da suka faɗi. Tafin hannunsa ya ɗaye, gwiwar wando ta yage. Ba karaya. Yana haki, yana kallon fuskarta daga kusa-kusa, sai ya fashe da kuka.

"Mem, kin kayar da ni. An ce ba a magana. Na yi komai daidai, kin kayar da ni."

Direban ya sauko, dattijo ne mai furfura. Bai yi faɗa ba. Ya ce shi dai ya ga yaron ya tsaya, ya ga ya kalle shi, ido cikin ido, shi ya sa bai rage gudu ba. Ya maimaita wannan magana har sau uku, kamar yana roƙon wani ya yarda da shi.

Rinske ta riƙe kumatun ɗanta. "Douwe, gaya mini gaskiya. Da ka duba hagu, me ka gani?"

Ya ja hanci. "Wani abu toka-toka. Na zaci rumbun gonar can ne. A hoton akwai rumbu a wurin."

Ta ɗaga kai. Akwai rumbun kuwa, can nesa, yana nan inda yake.

Ba ta jira mako mai zuwa ba. Ta kira asibitin ta gaya musu abin da ya faru, ba ta ƙara ba ta rage ba, suka nema masa wuri washegari. A ɗakin likita aka zaunar da shi, aka kunna haruffa a bango. Rinske tana gefe tana karanta su a zuci har ƙasa. Douwe bai iya karanta ko ɗaya ba. Aka ƙara girmansu, ya ce wataƙila wannan da'ira ce. Aka ɗiga masa magani, aka sa haɓarsa a kan na'ura, aka auna.

Likitar mace ce mai magana a hankali, ba ta kewaye-kewaye. Ta ce ƙwayar idonsa ta yi tsawo fiye da yadda ya kamata, shi ya sa na kusa kawai yake gani. Tabarau zai gyara masa gani, amma tsawon da idon ya yi ba ya komawa. Abin da ya fi damunta shi ne shekarunsa: ya yi nisa da wuri, kuma ido yana ci gaba da girma har mutum ya zama saurayi. In ya ci gaba da wannan gudun, zai kai inda bayan ido yake yin rauni, kuma a nan ne wasu ke samun matsalar da tabarau ba ya magani idan sun manyanta. Ta tambaya ko ita ko uban suna sa tabarau. Babu. Sai ta tambaya, in an cire tafiya makaranta, yaron yana yin kamar awa nawa a waje a rana.

Rinske ta ce kullum yana gida.

A mota Douwe ya ce ya daɗe da sani. Da farko ya zaci haka kowa yake gani. Da ya gane ba haka ba ne, sai ya ji tsoron in ya faɗa za a karɓe masa kwamfutar, kuma a cikinta ne kawai komai yake fitowa tar, a cikinta ne ya fi kowa gudu. Rinske ta riƙe sitiyari da hannu biyu har suka iso gida. Da ta gaya wa Pake, karo na farko tun da ta san shi bai samu abin barkwanci ba. Ya zauna a kujerar kicin yana juya kofin kofi har ya huce.

An yi masa tabarau na musamman da ake fatan zai rage saurin abin. Sauran maganin kuwa ba a kanti yake ba: hasken rana, awa biyu a waje kowace rana, da hutar da ido daga kallon kusa. Rinske ta sake tsarin aikinta, ta sa wa kwamfutar lokaci, ta kwashe wayoyi daga ɗakin kwana. Wannan duk mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne buɗe ƙofa. Ranar farko ana yayyafi, ta miƙa masa rigar ruwa da takalmin roba, ya tsaya a bakin ƙofa yana cewa ba shi da inda za shi, ba shi da wanda zai yi wasa da shi, ta tsane shi ne. Ta ce ya je ko'ina, ya dawo in an kunna fitilun titi. Ta rufe ƙofar da hannunta, ta jingina da ita, tana jin takunsa yana nisa a kan tsakuwa, ta wajen ruwa.

Haka suka yi ta yi, da rigima da kuka, har bazara ta wuce. Ya yi duhu kaɗan, ya daina haki a kan gada, ya samu wasu yara biyu masu kamun kifi. Har yanzu in ya zo mahaɗa sai ya sauka daga keke, ya tura da hannu. Da aka koma awon ido, Rinske ta shiga ɗakin tana sa ran a ce abin ya tsaya. Likitar ta duba na'ura ta ce ya ƙaru, amma kaɗan, bai kai na da ba. Su ci gaba, a sake gani nan da wata shida. Rinske ta tambaya a ina zai tsaya. Likitar ta ce ba wanda zai iya faɗa mata. Ta fito da wannan amsar, kuma da ita take kwana, da ita take tashi, har yaron ya gama girma.

Ke da kike karanta wannan, ko kai, in akwai yaro a gidanku da ya yi shiru a kujera yanzu haka, fuskarsa na haske, kada shirun nan ya kwantar muku da hankali. Ba zai zo ya ce ba ya gani ba. Bai sani ba, in ma ya sani zai ɓoye. Ku karɓi abin daga hannunsa yau, ku fita da shi waje, ku nuna masa wani abu can nesa, ku sa ya faɗi mene ne da bakinsa. In ya tsuke ido, kada ku bari sai mako mai zuwa. Sannan ko ya gani ko bai gani ba, ku bar shi a wajen, ko da ranku yana tsoro. Idon da ya riga ya miƙe ba ya dawowa, kuma ba kowace uwa ce take zaune a daidai mahaɗar ba.